Ranar Da Wayar Baba Ta Kulle Kanta

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aikin gada, ya zafin rana? Mu nan da sauƙi, sai abin da ba a rasa ba. Kar ka yi mamakin ganin takarda. Na kira ka har yatsana ya gaji, kullum sai matar nan ta cikin waya ta ce ba a samunka. Da na hango direban kamfaninku ya tsaya sayen ruwa a bakin layinmu, sai na roƙe shi ya ɗan jira ni.

Auta, wayar Baba ta kulle.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe, da ka ga rubutun nan da ke fitowa yana cewa a sabunta, ka yi ta faɗa wai me ya sa kullum nake danna "an jima"? Har ka ce wayar da ba a sabuntawa kamar gida ne ba ƙyaure. To jiya da hantsi ya sake fitowa ina cikin ba Baba magani, na ce bari yau in fita haƙƙin Auta. Na danna. Ta yi baƙi, ta kawo wani zare yana jan ciki kamar hawainiya, ta mutu, ta farfaɗo. Da ta farfaɗo sai ta zama ba ta san kowa ba. Na ɗora mata yatsan Baba na hagu yadda muka saba, ta ce sam, lambar sirri take so. Wace lamba kuma? Ni tunda nake ban taɓa ganin ta nemi lamba ba.

Ba sai na gaya maka ba, tun da ɓarin jikinsa ya shanye wayar nan ce bakinsa. Manhajar da ka sa masa ita ce ke ce mana "ina son ruwa", "a juya ni", "ku rage surutu". Yanzu ɗakin shiru, sai ƙarar fanka.

Na tambaye shi lambar, ya zuba min ido, ya girgiza kai. Na rubuta lambobi manya-manya a bayan kwalin da nake yanka samfurin riga, na ce ya nuna min ɗaya bayan ɗaya, ya ture kwalin har ya faɗa ƙarƙashin gado. Sai na shiga gwadawa da kaina. Na sa shekarar haihuwarsa, na sa taka, na sa tawa, na sa lambar gidanmu, har lambar tsohuwar motarsa. Yanzu cewa take in jira, kuma duk gwaji jiran sai ya ƙara tsawo.

Na nemi in sa manhajar a tawa wayar, ita kuma ta ce sai imel ɗin Baba da kalmar sirrinsa. Wai lamba daban, kalma daban? Mutum ɗaya makulli nawa?

Abin da ya fi damuna, tun jiya ya ƙi cin abinci. Ya juya fuska bango. Ɗinkin mutane na nan jibge a kan keke ban taɓa ba. Tunda kai ka san kan abin, ka faɗa min yadda zan yi.

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarki, kuma hankalina ya tashi ƙwarai. Ki gaishe min da Baba, ki ce ina yi masa sannu.

Kafin komai, don girman Allah ki daina gwada lambobi. Ki ajiye wayar a kan caji, kar kowa ya taɓa ta. Akwai wayoyin da idan an matsa musu da kuskure sai su goge duk abin da ke cikinsu, kuma ban tuna ko ta Baba tana cikinsu ba. Kin san abin da ke ciki. Duk saƙonnin murya da Inna ta riƙa tura masa kafin ta rasu suna nan, kuma ba ni da tabbacin akwai su a wani wuri.

Sannan ina so ki fahimta, ba sabuntawar ce ta yi laifi ba. Haka tsarin yake, duk wayar da ta mutu ta tashi ba ta karɓar yatsa sai an fara sa mata lamba. Don tsaro aka yi haka. Da ɓarawo ne ya ɗauke ta, da yanzu godiya muke yi.

Ga mafita, kuma ba wuya. Mu bar wayar tukuna, mu nemo asusunsa. Kwamfutarsa tana nan a kan teburin bayan ƙofa, wadda kika lulluɓe da zani. Ki kunna ta, ki shiga wurin imel, sunan asusun zai fito da kansa. Ki danna inda aka ce an manta kalmar sirri. Za su turo wata lamba ta wucin gadi, ki sa ta, ki zaɓi sabuwar kalma mai tsawo wadda ba sunan kowa ba ce. Daga nan sai ki buɗe manhajar a wayarki da asusun Baba, duk jimlolin da ya tara za su dawo. Aikin da bai fi ki dafa shayi ba.

Amma ki riƙe wannan da kyau. Duk wanda ya kira ki yana tambayar lamba, ko imel, ko ranar haihuwa, kar ki ba shi. Ko ya ce daga kamfanin waya yake, ko ya ce likita ne, ko da ya ce ni ne. Mutanen nan har murya suna iya kwaikwaya yanzu.

Na nemi izinin zuwa, shugaban aiki ya ce ba mai motsawa sai an gama zuba kankaren gadar. Ki lallashe shi ya ci wani abu ko kaɗan ne. Kewar wayar ce, da ta dawo zai ware.

Na gode da ɗawainiyar da kike yi. Allah ya saka.
Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan gadarku ta tsaya da ƙafafunta, don ni tawa ta rushe.

Shayin da ka ce, har yau bai dahu ba. Na yaye zanin, na kunna kwamfutar, ita ma sai ta ce tana sabuntawa, kar a kashe. Kai jama'a! Ashe ciwon na dangi ne. Na zauna ina gadinta kamar mai jiran naƙuda. Ta kai tsakiya aka ɗauke wuta, ka san batirinta ya daɗe da mutuwa. Da aka dawo da wutar sai ta ce tana warware abin da ta yi. Ta gama warwarewa, ta sake farawa daga farko. To wai sabuntawar ce ke kare mu, ko mu ne ke gadinta? Ni dai na kasa ganewa.

Ana cikin haka sai ga kira da baƙuwar lamba. Wani ne, iska na ta bugun maganarsa, wai shi ne kai. Auta, ka ji murya kamar taka sak, har da yadda kake jan "Yaaya". Bai ko tambayi jikin Baba da kyau ba, sai cewa ya yi in karanto masa imel ɗin da ke kan kwamfutar da ranar haihuwar Baba. Na ce, "Allah ya tona asirinka, ƙanina ya riga ya ba ni labarinku." Na kashe. Ya sake kira, na toshe lambar. Ka ga yayarka ba ta da wasa.

Washegari kwamfutar ta haƙura ta buɗe. Na bi duk abin da ka ce. Ta ce ta tura lamba wayar Baba. Wayar da ke kulle! Wato makullin ɗaki yana cikin ɗakin. Na ga wani ƙaramin rubutu a ƙasa wai a gwada wata hanya, na danna. Sai ta ce za ta tura wa layi na biyu, ta ɓoye farkon lambar ta nuna ƙarshenta.

Layin Inna ne.

Na daɗe zaune ina kallon lambobin nan. Na tashi na buɗe akwatinta, na ɗauko 'yar wayarta mai madannai, na sa caji, na kunna. Ba sabis ko ɗigo. Ban san me ya shiga kaina ba, na ɗauki tawa na kira layin. Na zaci matar nan ce za ta ce a kashe yake. Sai ya shiga. Aka ɗauka. Mace ce ta yi sallama.

Na zauna a kan akwatin. Ta yi ta cewa, "Wa ke magana?" Da kyar na ce mata layin mahaifiyata ne. Ta ce ita dai a shago ta sayi layinta sabo fil. Na yi mata bayani, na ce wata lamba za ta shigo mata yanzu, don Allah ta karanto min. Ka san me ta ce? "Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah. Da maraicin ƙarya za ki cuce ni? An riga an gaya mana irinku." Ta kashe. Na sake kira, ta toshe ni.

Yanzu ka warware min. Ta yaya layin Inna ya zama na wata? Kuma in abin da ka koya min gaskiya ne, ai matar nan daidai ta yi. To in ta yi daidai, ni ce ɓarauniyar kenan?

Baba yana shan ruwa da ɗan abu mai ruwa-ruwa, amma da na kawo abin taunawa sai ya kau da kai. Ya rame. Yana ta nuna wayar, yana nuna fuskarsa, hawaye na zuba ta ido ɗaya. Na ce masa na sani, Baba, kewarta muke yi duka. Sai ya buga katifa da ƙarfi.

Ina jiran amsarka.
Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ni ne! Ni ne na kira ki!

Dutse na hau, Yaya, dutsen da ke bayan sansaninmu, don can kaɗai ake samun sabis. Tawa wayar ba ta kamawa ko a can, shi ya sa na ari ta mai tuƙa katafila. Na so in gwada buɗe asusun daga nan in rage miki wahala. Na sauko da tsinuwa a ka da ƙaya a wando, mai katafila yana ta yi min dariya har yau. Ki buɗe lambar don Allah. Amma kuma ban ce kin yi kuskure ba. Abin da na ce ki yi kika yi.

Maganar layi kuwa, idan layi ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani. Ni na sa layin Inna a asusun da hannuna lokacin da muke asibiti, don ita ce kullum a gefensa. Da na karanta inda kika ce mace ta ɗauka, sai da na fita bayan tanti na tsaya.

Na zauna na yi ta juya abin. In ce ki kira ta da wata wayar, zarginta zai ƙaru. In ce ki tura mata hoton Baba, 'yan damfara ma suna tura hotuna. Duk dabarar da na kawo, sai in ga ita ce dai dabarar da nake gargaɗin mutane a kanta. Akwai wata hanyar da ake cike bayanai a jira kamfanin ya duba, amma tana ɗaukar lokaci, kuma tambayoyin da za su yi Baba ne kaɗai ya san amsarsu.

Gaskiya ban san yadda za a yi ba. Ke kike wurin, kin fi ni ganin abin. Duk abin da kika yanke na yarda. Amma in rashin cin abincin ya ci gaba, ki kai shi asibiti, ki bar batun waya.

Ki ce wa Baba ina nan tafe da an sallame mu.
Auta

*

Zuwa ga Auta mai hawan dutse,

Assalamu alaikum. Sannu da ƙaya. Tsinuwar na janye ta, amma lambar mai katafila na rasa inda ake buɗe ta, sai ka zo.

Zauna ka ji. Da na ga ilimin ya ƙare daga ɓangarenka, sai na nuna wa maƙwabciyarmu lambar layin Inna. Ta sa a wayarta, sai ga hoton shago ya fito, labulaye rataye, da sunan shagon a sama. Ta ce ai ta san wurin, layin masu katifa ne bayan tashar mota. Na bar mata Baba, na sa mayafi na tafi.

Matar ba yarinya ba ce, za ta yi sa'ata, doguwa, da tabarau a goshi da tef a wuya. Na tarar tana auna wa wani yadi. Da na ce ni ce wadda ta kira, sai ta ja da baya ta riƙe almakashi da kyau.

Ta ce, "Har shago kika biyo ni?"

Na ce, "Ban zo karɓar komai ba. Kar ki ba ni lambar. Ke dai zo ki ga tsohon da idonki."

Ta ce, "In bi ki gidan da ban sani ba? Haka aka yi wa ƙanwar mijina."

Sai kawai na zauna a kan wani bandir na yadi, na fito da 'yar wayar Inna daga jaka na ajiye a kan teburinta. Ban san dalilin da ya sa na taho da ita ba. Ta dube ta, ta dube ni. Can ta ce, "Ke ce mai ɗinki?" Na ce ta yaya ta sani. Ta ce tun da ta sayi layin, tsofaffi mata ke kiranta suna tambayar wata baiwar Allah, in ta ce ba ita ba ce sai su ce to ta gaida 'yarta mai ɗinki. Har akwai wadda ba ta ji labarin rasuwar ba, ta yi ta kuka a kunnenta. Ta ce ta daɗe tana tunanin wace ce wannan mata mai jama'a haka.

Duk da haka ba ta yarda ta taho ita kaɗai ba. Ta rufe shago, ta kira mijinta, wani ƙato mai gyaran injin wanki, ya zo ya raka mu yana ta harare-harare a hanya.

Da suka shiga ɗakin suka ga Baba, mijin ya cire hula ya durƙusa ya gaishe shi. Ita kuma ta ce har yanzu ba za ta karanta wa kowa lamba ba, ta yi rantsuwa a kan haka. Sai dai ta zauna gaban kwamfutar ta sa da hannunta. Na ce wannan tsakaninki da rantsuwarki. Na danna, wayarta ta yi ƙara, ta kare fuskar wayar da tafin hannu kamar mai jarrabawa, ta sa lambar. Asusun ya buɗe. Kafin ta tashi ta sa ni na cire layinta na sa nawa, wai kar a sake tayar mata da hankali. Sabuwar kalmar kuma ba zan rubuta maka a takarda ba, kar ka tambaya.

Na buɗe manhajar a wayata, sai ga jimlolin Baba reras. Na miƙa masa. Ya karɓa da hagu. Ni har na fara share ido, don na san sunan Inna zai fara kira. Ya daɗe yana danne-danne. Sai muryar ta ce:

"Haƙori."

Muka dubi juna. Ya sake dannawa. "Haƙori na ciwo. Tun ranar. Ku kurame ne."

Auta, ashe duk nuna fuskar nan da hawayen nan, turmin haƙorinsa ne ya ruɓe, a ɓangaren da ya shanye, inda kumburin bai nuna sosai ba. Mu muna ta fassara shi da kewa. Mijin mai labule ya fita tsakar gida don kar ya yi dariya a gaban babba. Ni kuwa ban san ko dariyar zan yi ko kuka ba, na yi duka biyun. A motarsu muka kai shi asibiti, aka cire haƙorin. Yau da safe ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari.

Saura abu ɗaya. Na duba cikin asusun, hotuna suna nan, amma saƙonnin Inna babu ko ɗaya. Suna cikin waccan wayar, ita kuma tana nan a kan caji tana neman lambarta. Mai labule ta ce a kai wa masu gyara, mijinta ya ce su gogewa kawai za su yi. Na ce to yanzu ai Baba yana da baki, bari in tambaye shi lambar a hankali. Ya ce in kawo takarda, amsar tamu ce ni da kai, kuma kai zai rubuta wa. Ga ta nan a ciki. Shi ya danna, ni na kwafa, ban ƙara ko harafi ba.

Sai mun gan ka.
Yayarka

*

Auta,

Ina gaishe ka. Na ji sauƙi.

Kun yi ta tambayata lamba. Ban manta ba. Ban taɓa saninta ba. Innarku ce ta sa. In waya ta nema, ita nake miƙa wa. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce me zan yi da ita, ai tana nan.

Kar a kai wa mai gyara. Kar a goge. Kar a sake gwadawa. A bar ta a kan caji kusa da ni.

Ka gama gadar mutane ka zo gida. Ka taho da waya sabuwa, yayarka tana son in mayar mata da tata.

Allah ya yi maka albarka.
Babanka